Idon Kano a Samaniyar Batsari

Laraba: Kano zuwa Katsina

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na datse ɗakina a Fagge, na ɗora akwati a ka, na nufi tashar mota. Ko tuntuɓe ban yi ba, don daga bakin layinmu har tasha fitilun lantarki ne reras, ga kuma manyan fitilun yadin jirgin ƙasa inda nake aikin akawu, waɗanda ke kwana a kunne suna mai da sama wata iri, ita ba fara ba ita ba baƙa ba. Na ɗaga kai kamar yadda na saba, na ƙirga taurari goma sha ɗaya. Dukkansu na san sunayensu. Na ce a raina, Isiyaku, kai dai Allah ya yi maka baiwa.

Bari in gaya muku abin da ya tashe ni. Kawu Tanko yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni har aka kai ni makaranta. Yana zaune a wata 'yar unguwa tsakanin Batsari da Safana, kuma yana da wata ɗabi'a da ya gada: ba ya buɗe rumbun iri sai ya ga Kaza da 'ya'yanta, tarin ƙananan taurarin nan, sun fito a gabas da asuba. Kaza kan ɓace da bazara fiye da wata guda. Duk ruwan da ya sauka kafin ta dawo, in ji Kawu, ruwan yaudara ne. To bana yanar ido ta rufe masa gani. Bara kuma gona ba ta yi kirki ba, irin da ya rage na shuka ɗaya ne tak, in ya ƙone shi ke nan. An yi ruwa sau ɗaya, 'ya'yansa sun matsa a shuka. Sai ga wasiƙa da ajami, layi biyu bayan gaisuwa: "Ka zo ka ara mini idonka. Mai son shuka ko da tsakar rana zai ga Kaza, kai ko ba ka da gona."

Bakina ne ya ja mini. Wani Bature a ofishinmu ya taɓa ba ni wani faifan takarda mai juyawa, an zana taurari a kai. Shekara uku duk wasiƙar da na aika gida sai na cusa zancen cewa yanzu ni ilimin samaniya nake yi. Ga shi an yarda da ni.

An ce mota za ta tashi ƙarfe biyar, ba ta motsa ba sai bakwai saura kwata. Na biya na gaba, kusa da direba, don ai akawu ba ya hawa kan buhuna. Akwatin yana kan cinyata, a ciki akwai faifan nan da tsarabar Kawu, sabuwar fitila mai famfo, irin wadda ake buga wa iska ta yi haske fari fat. A Bichi muka ci ƙosai, a Kankiya taya ta fashe, muka yi awa ɗaya da rabi a gindin wata bishiyar bedi. Mil ɗari da 'yan kai, sai ƙarfe huɗu muka ga ganuwar Katsina.

A ƙofar gari 'yan doka suka tsai da mu ana duba takardar haraji. Wani dogo mai gashin baki ya dubi takalmina mai igiya, ya ce, "Malam, ina aka nufa?"

Na ce, "Batsari. Zan je ganin wani tauraro."

Ya juya takardar, ya sake dubana. "A Kano babu sama ne?"

Mota duka ta ɗauki dariya. Ni kuwa na ɗaure fuska, na ce a zuciyata, jahilci ciwo ne. Na kwana a zauren wani mai masauki bayan tasha, tuwon dawa miyar kuka, sauro kuma kyauta.

Alhamis: Katsina zuwa Batsari

Ƙarfe shida motar 'yan kasuwa ta tashi, don ranar kasuwar Batsari ce. Yau kam babu gaba, wani dillalin gyaɗa ya riga ni, sai ga akawu bisa buhun gishiri. Tafiyar ba ta wuce mil talatin ba, amma a wani rafi mota ta kafe cikin rairayi, muka sauka muka yi ta turi, takalmi mai igiya ya sha ƙasa.

Zancen kowa a motar ɗaya ne, a shuka ko a dakata. Wani manomi daga Karare ya ce shi ya shuka tun shekaranjiya. Wani mahauci ɗan Yasore ya ce ƙanensa ya ƙi, wai iskar ba ta yi masa ba. Sai na gyara murya na shiga yi musu bayanin yadda duniya ke karkata, da yadda taurari ke riga jiya fitowa da minti huɗu kowace rana. Suka yi tsit. Na zaci ilimi ne ya ratsa su. Can sai mahaucin ya ce, "To Malam, a shuka ko kada a shuka?" Na ce abin yana bukatar nazari.

Goma da rabi muka shiga Batsari. A bakin 'yan hatsi na tarar da Haruna, babban ɗan Kawu, riƙe da jaki. Taubashina ne, tsakaninmu ba a raga wa juna.

"A'a, Akawun Sama! An iso? Ina wuyanka, bai ƙage ba don kallon sama?"

"Bawana, karɓi akwati, kuma a hankali, abin da ke ciki ya fi jakinka daraja."

Muka sha fura, ya sayi gishiri da kanwa, muka kama hanyar kudu bayan azahar. A hanya dariyarsa ta ragu. Ya nuna mini gonakin maƙwabta, an shuka, wasu ma tsiro ya fara leƙowa. Ya ce, "Isiyaku, ban da wasa, kowa ya shuka sai mu. Kwana shida ke nan da ruwa, laima na gudu. In Baba ya sa muka makara, mutum goma sha huɗu ne a gidan nan." Na ce ya kwantar da hankalinsa, gobe i war haka an gama magana.

Da magariba muka isa. Kawu na zaune bisa buzu a ƙofar zaure, ya rame, idanun sun yi fari. Na durƙusa.

"Kawu, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Isiyaku ne? Matso in ji ka. Ya gajiya? Ya mutanen Kano? Ya aikin Nasara?"

Ya shafa fuskata da tafinsa, ya tsaya a kumatu. "Ka yi ƙiba," in ji shi. Raina ya sosu, don da na bar shi, daga nesa yake gane jakin kowa.

Juma'a: kan dutse

Kafin kiran assalatu Haruna ya tashe ni. A bayan gida akwai wani falalen dutse, nan kakanmu ke tsayawa, nan Kawu ya tsaya shekara da shekaru. In ka fuskanci gabas, akwai kuka a hagu, kafaɗar wani tsauni a dama, a tsakaninsu Kaza ke ɓullowa. Haruna ya riƙo hannun Kawu, ni kuwa na biyo baya da kayan aikina.

Jama'a, ku ji abin da na yi. Na ce ai ba a karanta faifai a duhu. Na tsuguna na buga wa fitila iska, na ƙyasta ashana. Haske ya tashi fau, har kukar sai da ta fito fili. Karnuka suka ruɗe, zakaru suka kama cara, mata suka leƙo ta kan danga suna salati. Na riƙe faifan a gabanta ina juyawa, na ɗaga kai. Wallahi sai na ji daɗi, don saman ya koma irin wanda na sani, taurari 'yan kaɗan, kowa a wurinsa.

Kawu ya ce, "Mi ke huci haka kamar kububuwa?"

Haruna ya ce, "Baba, Akawu ne ya kunna rana zai nemi tauraro."

"Kashe ta."

Na kashe. Na ɗauki lokaci ba na ganin komai sai wasu koren tabo suna yawo a idona. Da suka washe, na sake ɗaga kai. Tirƙashi! Ashe na manta. Shekara goma sha biyu rabona da wannan sama. Taurari ne cunkus, babu masaka tsinke, daga bisa kai har bakin ƙasa. Na nemi goma sha ɗayan nan nawa, ko ɗaya ban gane ba, sun ɓace cikin 'yan uwansu kamar ka saki akuyarka a kasuwar Batsari. Sai na hango wani farin abu ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, na ce da ƙarfi, "Ga hadari nan ya taso!"

Haruna ya zauna daɓas a kan dutse yana riƙe ciki. "Baba, hanyar taurarin nan ce yake ce wa hadari!"

Kunya ta rufe ni, gumi ya keto mini da sanyin asuba. Na zura ido tsakanin kuka da tsauni. Nan tarin taurari, can wani tarin, ko'ina Kaza, ko'ina ba Kaza ba. Gabas ta fara fari.

"Isiyaku, mi ka gani?"

"Ina dubawa, Kawu."

Aka jima. "Mi ka gani?"

Na tuna wasiƙun nan na shekara uku. Na tuna dariyar Haruna, da matan da ke bayan danga suna saurare. Da ya tambaya na uku sai na ji bakina ya ce, "Na gan ta, Kawu. Ga ta can."

Da ma ya yi gardama, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi. Na san riƙon da na yi maka bai tashi banza ba. Haruna, a buɗe rumbu." Haruna ya daina dariya. Ya dubi gabas, ya dube ni, ya kama hannun Kawu suka sauka.

Na yi sallar asuba ban san me na karanta ba. Kafin rana ta fito an ɗaga murfin rumbu, an fito da damman geron iri, mata sun sussuke. Koko aka kawo mini, ya ƙi wucewa. Ina ta ba kaina haƙuri: wa ya sani, ƙila ta fito ɗin, ƙila ruwa ya dawo gobe, ai kowa ma ya shuka. Na bi su gona. Haruna ya saɓa sungumi ya fara sara, ƙannensa da mata suka jeru a bayansa, kowa da ƙoƙon iri. Aka zaunar da Kawu a gindin gawo, aka miƙa masa ƙwarya ya sa albarka. Ya cusa hannu cikin geron yana murzawa a hankali, yana murmushi. Ƙwarya uku ce, na dube su da kyau. Bayansu babu wani.

Ban san lokacin da na durƙusa gabansa ba.

"Kawu, a dakata."

"Lahiya?"

"Ƙarya na yi. Ban gan ta ba. Ban ma san inda zan neme ta ba."

Na faɗe shi da ƙarfi, don in na yi a hankali zan iya janyewa. Sungumi ya tsaya. Wata daga cikin matan ta ce, "La ilaha illallahu!" Kawu bai cire hannunsa daga ƙwaryar ba, murmushin ne kawai ya tafi.

Can ya ce, "A mai da iri."

Haruna ya yi jifa da sungumi. "Baba! Saboda wannan? Mutumin da bai san hadari ba?"

"Kai ka gan ta?"

Haruna ya sunkuyar da kai. "Ban gani ba."

"Amma ka yi shiru."

"Na yi shiru, don ina da 'ya'ya."

Kawu ya ce, "Na sani, ban ga laifinka ba. Amma wanda ya iya cewa bai gani ba a gaban mata, shi zan yarda da shi ranar da ya ce ya gani. Isiyaku, kama ni mu tai gida."

Kwana tara a wuri ɗaya

Hutun kwana bakwai aka ba ni a ofis, na san zan wuce shi, na kuma san abin da zai biyo baya. Na zauna. Sunana ya zaga unguwa, har matan da ke zuwa rijiya in sun gan ni sai ɗaya ta dubi sama ta ce, "Ke, yi sauri, hadari." Haruna kuwa ya daina tsokanata gaba ɗaya, wannan ya fi mini ciwo.

Kawu ya mai da ni ɗan koyo. Ya hana ni kallon ko wutar murhu in na tashi. Sai mu hau dutse tun da sauran duhu sosai, in zauna shiru har ido ya huce. Ya kama tafin hannuna yana ɗiga mini da yatsa: waɗannan uku su ke fara fitowa, a karkace, in sun kai tsayin kuka ka sa ido ƙasa da su, wajen hagu. "Kada ka kafa mata ido," in ji shi. "Kunya gare ta. Dubi gefe kaɗan, ita za ta zo." Faifan Bature ba ƙarya ya zana ba, sai dai na wata ƙasa ne can arewa, ga shi kuma bai san kukarmu ba.

Kowace asuba tambaya ɗaya, amsa ɗaya. "Mi ka gani?" "Ban gan ta ba, Kawu." Na faɗi wannan magana sau takwas. Da rana kuma ina zaune cikin fargaba, don in ruwa ya dawo ya zauna, maƙwabta sun riga mu da mako biyu, kuma ni ne sanadi.

Ruwa bai dawo ba. Rana ta buɗe kamar da gayya. Wajen kwana na biyar tsiron gonakin tudu ya fara nannaɗewa, kafin na bakwai ya kwanta, ya zama kamar zaren buhu. Na masu gona a kwari ya jure, ban ce kowa ya yi asara ba. Amma na ga wani dattijo maƙwabcinmu tsaye a gonarsa da hantsi, hannu a baya, ba ya komai. Haruna ma ya gan shi. A daren nan ya turo mini ƙwaryar fura.

Asubar Lahadi, mu uku ne a kan dutse. Ukun nan suka fito, suka hau. Gabas ta soma yin toka-toka, na ce yau ma babu. Na kau da ido wajen kukar, sai wani ɗan abu ya yi mini ƙyal-ƙyal a wutsiyar ido, dab da kafaɗar tsauni. Na dube shi sosai, ya ɓace. Na kau da kai, ya dawo. Na yi shiru na sake gwadawa har sau uku, don ni yanzu tsoron bakina nake ji.

"Kawu, na gan ta."

"Haruna?"

Haruna ya daɗe yana kallo. "Ita ce, Baba."

Kawu ya juya fuskarsa daidai wurin, ba wanda ya nuna masa. Ya ce, "Faɗa mini yadda take."

Na ce, "'Yar ƙarama ce, Kawu, dusu-dusu, kamar an zubar da 'yan ƙwayoyin gero a baƙin zane. Biyar nake iya rabewa, sauran sun cure."

"Ba ta sake kama ba ke nan," in ji shi. Ya share ido da bakin riga. Ni ma na share nawa, ban ji kunyar Haruna ba.

Daren Litinin ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, har ya tsaya a tsakar gida. Talata muka shuka. An ba ni ƙoƙo, na bi bayan Haruna ina zubawa ina takewa da diddige, yana waiwayowa yana cewa, "Akawun Sama, biyar-biyar ake sawa, ba tuwo kake kwasa ba." Na ji daɗin zagin nan ƙwarai.

Laraba da Alhamis: komawa

Ƙarfe biyar na yi sallama da Kawu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ni na gama ganinta. Baɗi in muna da rai, ka san hanya." Na ce in sha Allahu. Fitilar na bar wa matan gida, sun ce za ta yi amfani ranar suna.

Ta kudu na koma. Haruna ya raka ni da jaki har Safana, muka isa da hantsi, wani mai tireda ɗan Zakka ya ba mu ruwa da dabino. Daga nan na sami mai keke ya goya ni zuwa Dutsin-ma, sau biyu muna faɗuwa a taɓo. Na kwana a rumfar tasha. Washegari motar gyaɗa ta kwashe ni ta Kankiya, na shiga Kano ƙarfe takwas na dare, fitilu sun kama ko'ina.

Ranar Juma'a Bature ya tsai da ni a gaban sauran akawuna, ya ce fiye da mako guda na ƙara, ina dalili? Na ce tauraro na tsaya jira. Ya dube ni kamar yadda ɗan dokan Katsina ya dube ni, ya rubuta mini takardar gargaɗi, na karɓa hannu biyu.

Bayan mako uku wani falken shanu daga wajenmu ya neme ni har yadin jirgi. Ya ce Haruna ya ce a gaya mini gero ya tsiro, ko rami ɗaya bai faɗi ba, har an gama noman fari. Ya ce kuma daga cikin abin da ya ragu a ƙwarya ta uku, Kawu ya sa an kai wa dattijon nan maƙwabci ya sake shuka. Na zauna a kan wani buhu, falke yana ta tambayata ko lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma buɗe mini baki kafin iri ya shiga ƙasa. Na gode wa direbobi, da mai masaukin Katsina, da mai keken Safana duk da ya kayar da ni. Na gode wa bawana Haruna. Kawu Tanko kuwa ban san irin godiyar da zan yi masa ba. Sau biyu ya yarda da maganata, kuma na farkon ban cancanta ba.